Amsar da Kumbo Ta Bai wa Dutse

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Tun kafin azumin bara nake ɗaukar biro ina ajiyewa. Wani lokaci in ce wa kaina, mutumin da firamare kawai ya gama, me zai gaya wa masu karatun jarida? Wani lokaci kuma in ji tsoron kada a ce na fitar da ciwon yayata kasuwa. Sai da na nemi izinin babban ɗanta, Nasiru, ya ce, "Kawu, rubuta, ai ba abin kunya ba ne," sannan na iya zama. Duk da haka, in akwai inda na ƙara ko na rage, mantuwa ce, ba ganganci ba. Allah Ya yafe mini.

Sana'ata sayar da jarida ce a nan Dutse. Ina da tebur a gindin wata dalbejiya, yanzu har na haɗa da katin waya da biro, don jarida ita kaɗai ta daina riƙe gida. Amma ba kukan kasuwa ne ya kawo ni ba. Maganar yayata ce, Adda Hanne, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Hawan jini ya kayar da ita, ta tashi da ɓarin jiki a shanye, tunaninta kuma ya koma yarinta. Ba ta gane jikokinta, amma ni tana gane ni. Duk sanda na je gaishe ta bayan magariba, abu biyu take roƙona: in kai ta gida Durƙusa, kuma in ƙarasa mata tatsuniyar Kumbo. Na farkon zan yi bayaninsa a gaba. Na biyun shi ne ya hana ni barci, domin ban san ƙarshen tatsuniyar ba.

Durƙusa ita ce rugar da aka haife mu, a bayan duwatsun nan da suka kewaye gari. Kakanninmu makiyaya ne da suka gaji da yawo, suka kafa bukkoki suka fara noman gero da dawa, amma ba su rabu da shanu ba. Mu da Hausa muka tashi. Fulatanci ya rage ne a bakin tsofaffi, sai kuma wajen kiran shanu. A gindin dutsen da ke gabas da bukkokinmu akwai wani ɗan idon ruwa da ba ya ƙafewa sai rani ya yi nisa sosai. Shi muke sha, mu da maruƙa.

Kakarmu ta wajen uba, Dada muke ce mata. Doguwa ce siririya, ba a raba ta da mazari da curin auduga. Da kaka, idan an girbe gero aka shigo da garke gonaki ya ci kara ya zuba taki, sai a hura wuta kusa da igiyar da ake ɗaure maruƙa, a zuba busasshen kashin shanu don hayaƙi ya kori sauro. Nan ne mazaunin Dada. Da an gama tatsa an ci tuwo, sai mu kewaye ta, idanunmu na hawaye saboda hayaƙi, maruƙa na hura mana numfashi a ƙeya. Ba ta buɗe tatsuniya yadda na ji sauran tsofaffi suna yi. Ita sai ta lashi yatsa ta murza mazari, ta ce, "Ga ta nan ta taho da ƙafa huɗu." Mu kuma mu haɗa baki, "A ɗaure ta kada ta gudu!" In ta gaji ko ta ga mun fara gyangyaɗi, sai ta ce, "Na kwance ta, ta bi garke," kowa ya watse.

Ni tun ina yaro ba ni da natsuwa. Ba na bari ta yi nisa sai na tare ta. "Dada, in kada ya cinye ta fa?"

"Kai, wannan miji nawa!" in ji ta. "Yarinya ba ta ma isa bakin ruwa ba, har ka shimfiɗa tabarmar makoki. Hanne, toshe mini bakin Iro da auduga."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma ta Kumbo daban ce, don tana da ƙa'ida. Gutsure-gutsure take ba mu ita tun daga farkon girbi, yau kaɗan, jibi kaɗan. Ƙarshenta kuwa ba ta faɗa sai a jajiberin ranar da samari za su kora garke zuwa fadamun wajen Miga, bayan kara ya ƙare a gonaki. Ta ce guzurin masu tafiya ne, ba a buɗe guzuri tun ana gida. Ko za ka yi mata kukan jini ba za ta faɗa a wata rana ba. Ni kuma a shekarun farko, saboda hidimar wannan yammaci da cin nama da kai-kawo, barci yake kwashe ni a cinyar Adda kafin a kai wurin.

Ga abin da na riƙe. An yi wata shekarar fari, uban Kumbo ya kwanta ciwo, ba shi da ɗa namiji, sai ita ta ɗauki sanda ta kora garke neman ruwa. A cikin garken akwai wata tsohuwar saniya mai farar fuska, Wule, wadda ke magana. Da za su fita, Wule ta ce mata, "Duk inda muka je za a raɗa mana suna. Ki yi hankali, wanda kika amsa wa, ya samu rabo a cikinmu." Akwai kuma wani hankaka da ya liƙe musu, shi ne yake tashi ya riga su isa kowane wuri, ya sauka a kan bishiya ya sanar da masu wurin ko su wane ne ke tafe. Ba da mugunta yake yi ba, in ji Dada, shi dai ba ya iya ganin abu bai faɗa ba, kuma bai taɓa saukowa ya tambaye su ba.

Suka isa bakin kogi, kada ya ɗago kai ya ce, "Sannunku, baƙi!" Kumbo ƙishirwa ta kama ta, ta ce, "Yauwa." Kada ya ce, to baƙo ba ya shan ruwa sai ya bar tukuici, ya janye maruƙa. Suka isa wata rijiya, kura na zaune a bakinta, ta ce, "Sannunku, dukiyar gari!" Kumbo ta ji daɗi an haɗa su da gari, ta ce, "Yauwa." Kura ta ce, to tunda dukiyar gari ce, ni ma 'yar gari ce, ta kora bijimai. A wani tafki kuma hankaka ya riga ya faɗa cewa masu ɓarnar gona na tafe. Mutane suka fito da sanduna suna cewa, "Ku ne masu ɓarnar?" Kumbo don tsoro ta ce, "Mu ne, ku yi haƙuri." Aka ƙwace karsana a bakin gonar da ba su taka ba. A tsakanin kowane wuri da wani, Dada tana rera waƙar Kumbo da siririyar murya, har yanzu ina jin ta:

Wule, Wule, ina muka dosa?
Ƙafa ta gaji, ƙwarya ta bushe.

Haka dai, har garke ya ƙare, ya rage daga Kumbo sai Wule. Suka iso gindin wani dutse rana na faɗuwa. Wule ta durƙusa a kan gwiwoyinta na gaba, ta kafa hanci a ƙasa. Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin dutsen. Ita wannan murya ba ta raɗa musu suna ba. Tambaya ta yi: "Ku su wane ne?"

Iyakar abin da na sani ke nan. Na san dai ruwa ya fito, tunda ga idon ruwan muna sha, kuma daga durƙuson Wule rugarmu ta samo suna. Amma abin da Kumbo ta ce wa dutsen har ya buɗe, ban ji ba.

Yadda aka yi ban ji ba kuwa, sai na kawo maganar Baffa Garba, ƙanen mahaifinmu. Shi ne ya fara yin boko a gidanmu, yana taimaka wa malamin dabbobi wajen allurar shanu. Yana da keke, kuma duk sanda ya zo daga gari yakan taho da jaridar Hausa a naɗe a aljihun riga, wani lokaci ta kwana biyu har ta yi laushi. Sai ya zauna a gindin tsamiya ya kunna fitilar ƙwai, maza su taru. Abin da ya fi burge ni shi ne muryarsa. Baffa Garba da muka sani mai in'ina ne kaɗan, amma in ya buɗe jarida sai murya ta miƙe, ta yi kauri, kamar wani ne ya shiga rigarsa. Hausa ce, amma ba irin tamu ba. Babu "wance ta ce" a ciki, babu rantsuwa, babu dariya. A bakinsa na fara jin "al'ummar ƙasa" da "ci gaba" da "mazauna karkara" da "'yan Nijeriya". Kafin nan ni na san mu mutanen Durƙusa ne, akwai mutanen Dutse, akwai na Ringim da ke sayen man shanunmu, sai kuma Kano can nesa inda duniya ta ƙare. Jarida ce ta gaya mini akwai wasu mutane a bakin teku da ban taɓa gani ba, wai ni da su abu ɗaya ne. Na kwana ina mamaki, kuma gaskiya na ji daɗi.

Dada ba ta ƙi jarida ba. Ita ma tana son labari. Wani lokaci takan sa a kira mata Baffa bakin wuta.

"Garba, wannan takarda taka, ta san ni?"

"Ta san ki mana, Dada. Ga ki nan, mazauna karkara."

"Ni? Ni da na tako daga bakin kogi zuwa nan da tsohon cikin yayanka? Wanda ya rubuta bai ga tafin ƙafata ba. To, su 'yan Nijeriyar nan da kake ta faɗa, shanu suna ciki?"

Baffa ya yi dariya ya ce, "Shanu ai dukiyar ƙasa ne."

Dada ta juyo ta dube mu ta ɗaga gira. "Kun ji ko? Haka kura ta ce."

Muka fashe da dariya har Baffa ya ji haushi ya naɗe jaridarsa.

A shekarar da na yi wayon da zan iya hana idona barci, a ita ce gwamnati ta haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa. Ranar buɗewa manya suka zo da motoci, tare da wani ɗan jarida mai baƙar kwat a kan farar riga, da kyamara a wuya. Dada na hango shi daga ƙofar bukka ta ce, "La ilaha illallahu, ga hankaka nan da farin ƙirjinsa." Aka jera mu aka ɗauki hoto, ni aka ba ni bokiti na riƙe a gaba. Ban sani ba ko ya tambayi sunan wurin aka ƙi gaya masa, ko ya tambaya ya manta, ko bai tambaya ba. Ban gani ba, kuma ba na so in ɗora wa bawan Allah abin da ban tabbatar ba.

Aka kwana biyu, kara ya ƙare a gonaki, jajiberin tafiyar shanu ya zo. Tun da rana na ƙi cin abinci da yawa don kada ya sa ni barci. Na zauna daf da Dada, Adda Hanne na riƙe mata auduga. Ta bi tatsuniyar tun daga kada har zuwa dutse. Wule ta durƙusa. Dada ta sassauta murya ta ce, "Sai aka ce daga ƙarƙashin dutsen, ku su wane ne?"

Daidai nan muka ji ƙararrawar keke. Baffa Garba ne, tun daga burtali yake ihu, "Mun fito a jarida! Mun fito! Har da hoto!"

Wuri ya yamutse. Samari suka tashi, yara suka ruga, har matan da ke wanke ƙore suka bi. Ni na miƙe na tsaya, ƙafa ɗaya na son tsamiya, ɗaya na son wuta. Dada ta dube ni ta yi murmushi. Babu fushi a fuskarta ko kaɗan, wannan na tabbata.

"Je ka, mijina, je ka ga fuskarka," in ji ta. "Amsar tana nan, ba inda za ta. Baɗi war haka."

Na tafi. Na ga kaina a takarda, riƙe da bokiti, baki a buɗe. Baffa ya karanta labarin da muryar nan tasa, aka ce ya sake, ya sake. Labarin ya ce mazauna Unguwar Famfo da ke jihar Kano sun bi sahun sauran 'yan ƙasa wajen samun ci gaba. Wani dattijo ya ce, "Ina ne kuma Unguwar Famfo?" Baffa ya ce, "Nan mana! Mu ke nan!" Aka yi shewa. Mahaifinmu ya karɓi jaridar da hannu biyu ya sa a cikin akwatin da yake ajiye rigar sallarsa.

Da na koma bakin wuta, ta zama garwashi, Dada ta shiga bukka. Na ce wa Adda ta gaya mini. Ta ce, "Dada ta ce ba a faɗa sai jajiberin tafiyar shanu, kuma yau an riga an kwance ta." Baɗi war haka ina cikin gari a gidan Baffa ina makaranta. Dada kuwa ba ta ga wannan girbin ba, da damina Allah Ya karɓi abarsa.

Kafin ta rasu ta ga sunan ya kama. Masu karɓar haraji suka fara faɗa, direbobi suka ɗauka, sannan mu da kanmu. A makaranta da malam ya tambaye ni daga ina nake, na ce Durƙusa, ya ce bai san ta ba. Na ce Unguwar Famfo, ya ce, "Au, waɗanda suka fito a jarida!" Tun daga ranar ban sake faɗar na farkon ba. Dada ita kaɗai ce ba ta taɓa furta sabon ba. Amma ruwan famfon ta sha, har ta ce da bakinta ya fi na dutse tsabta, kuma tun da aka haƙa shi kurkunu bai sake fitowa a ƙafar kowa ba a rugarmu. Ina faɗar wannan ne don kada a ɗauka ina butulci.

Bayan na girma aka yanke mana jiha. Muka kwanta muna Kanawa, muka wayi gari jarida ta ce mu 'yan Jigawa ne, Dutse ta zama babban birni. A lokacin na fara wannan sana'a. Da idona na ga mutanen da ba su taɓa haɗa kansu da wannan suna ba suna tsaye a teburina suna karatun kyauta, suna ɗaga murya, "Mu 'yan Jigawa ba za mu yarda ba!" Ni ma ina ciki, kuma har gobe ina alfahari da jihata. Shekarun da ruwa ya ci garuruwan wajen Ringim da Miga, jarida ce ta rubuta "'yan'uwanmu", mutanen da ba su taɓa taka nan ba suka aiko da hatsi da tabarmi. Na ga amfanin suna guda da ya rufe mutane da yawa.

Amma na ga ɗaya gefen. A 'yan shekarun nan, kusan duk mako sai na shimfiɗa jarida na ga "makiyaya" da manyan baƙaƙe, kusa da labarin da ba shi da daɗin ji. Akwai wani Alhaji da ya daɗe yana saye a wurina, mutumin kirki ne, abokin wasa. Yakan ɗaga shafin ya ce, "Malam Iro, ga danginka nan sun sake fitowa." In ce, "Alhaji, ni da ko akuya ba ni da ita?" Mu yi dariya. Amma in ya tafi sai in kife shafin. In aka ce ɗan Arewa, in ce yauwa. In aka ce Hausa-Fulani, in ce yauwa. Talaka, yauwa. Mazaunin karkara, yauwa. Ban taɓa tsayawa na duba me aka kora daga garkena a kowace amsa ba, sai da Adda ta kwanta.

Ita a Jahun ta yi aure ta yi zamanta. Da Nasiru ya samu aiki a nan, ya sayi fili ya yi gini, kuma Allah cikin ikonSa filin a Unguwar Famfo yake. Gari ya riga ya haɗiye wurin, har A-daidaita-sahu na shiga. Famfon ya mutu tun tuni, sai dandamalin siminti da yara ke zama a kai. Idon ruwan kuwa masu fasa dutse sun binne shi da tsakuwa. Da ciwo ya kama ta, nan Nasiru ya kawo ta. Ɗakin da take kwance, in ban yi kuskure ba, bai fi jifa ɗaya daga inda ake ɗaure maruƙanmu ba.

"Iro, ka kai ni Durƙusa."

"Adda, ai nan ne. A Durƙusa kike."

Sai ta kira jikarta da ke wucewa. "Ke 'yar nan, nan ina ne?"

"Unguwar Famfo, Hajiya."

Ta dube ni. "Ka ji? Har kai ma ruɗina kake yi."

Nasiru da farko ya ɗauka ciwon ne ya ƙago mata garin. Ya duba taswirar cikin wayarsa, babu. Ya tambayi mai unguwa, wanda shi ma zuwa ya yi, ya ce bai taɓa ji ba. Da na ce masa a nan aka haifi uwarsa kuma sunan wurin ke nan, sai ya ce, "Kawu, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mana?" Ba wanda ya hana mu. Ba a kafa doka ba. Mun dai ga namu sunan bai taɓa shiga takarda ba, sai muka ɗauka bai kai ba.

Tunda ba zan iya kai ta inda take ba, sai na ce bari in yi mata na biyun. Na fara ba ta tatsuniyar, tana bi, tana gyara mini. In na sa kura kafin kada sai ta buge ni da hannun mai lafiya. Waƙar kuwa tare muke yi. Amma da mun iso gindin dutse sai ta zuba mini ido ta ce, "To, me ta ce?"

Mai ɗakina ta ga na rame da tunani, ta ce, "Malam, ka ƙago mana kawai. Tatsuniya ce fa, ba hadisi ba." Na daɗe ina jin nauyin abin, don gani nake yi wa marar lafiya ƙarya ne, kuma ƙarya a bakin mamaciya. Daga baya na gwada. Na ce Kumbo ta ce, "Mu bayin Allah ne." Adda ta girgiza kai ta ce, "Gaskiya ne, amma wannan na malam ne, ba na Dada ba." Wata rana na ce ta ce, "Mu Fulani ne." Ta ce, "Da haka ta faɗa, da dutsen ma ya karɓi Wule." Wata rana kuma na ce ai Kumbo ta yi wayo, shiru ta yi ba ta amsa ba. Na ɗauka na dace, har na fara murna. Can sai Adda ta ce, "Babba ya tambaye ka, ka yi masa shiru? Wa ya rene ka?" Ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Na ce, "To Adda, ke da kika ji, me ta ce?"

Ta buɗe baki. Leɓɓanta suka yi motsi. Ta sake gwadawa. Sai hawaye suka zubo, ta taɓa maƙogwaronta ta ce, "Yana nan. Wallahi a nan yake." Ban sake tambayarta ba.

Shekara da shekaru tana da lafiya, muna haɗuwa a suna da biki da ta'aziyya, muna hirar tsadar taki da ciwon gwiwa, bai taɓa faɗo mini in ce ta ƙarasa mini ba. Kullum ina da labarin duniya a ƙarƙashin hammatata, na san abin da ke faruwa a ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba. Mahaifinmu ya san ƙarshen tatsuniyar, Baffa Garba ma ya sani, duk sun riga mu gidan gaskiya. Samarin da ake yi wa guzurin, wasu sun rasu, wasu sun bi shanu kudu ba su dawo ba.

Ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada ka amsa wa baƙo. Yanzu ba na ganin haka. Kumbo ba ta da yadda za ta yi, ƙishirwa gaskiya ce, dole ta sha ruwan mutane ta amsa gaisuwarsu. Mu ma haka, dole mu zama 'yan jiha, 'yan ƙasa, kuma akwai alheri a ciki. Abin da na fahimta shi ne duk waɗanda ta gamu da su gaya mata suka yi ko ita wace ce. Dutse ne kaɗai ya tambaya. Dada tana tanadar mana amsa ne don ranar da za a tambaye mu. Ni ranar tawa ta zo, a bakin yayata, ta same ni da sunaye cike da aljihu, babu nawa ko ɗaya.

Na san abin dariya ne mutum ya kawo ƙarar hankaka wurin hankaka. Amma shi ne mai fiffike, shi ke isa inda ba zan iya isa ba. Saboda haka ina roƙon edita, don Allah a bar sunan Durƙusa yadda na rubuta shi, ko sau ɗaya ya shiga takarda, in kai wa Adda in karanta mata da irin muryar Baffa Garba, ko za ta yarda cewa tana gida.

Ku kuma masu karatu, musamman na wajen Ringim da Jahun da Miga, da 'yan'uwanmu da suka yi kudu da shanu, ku taimaka ku tambayi tsofaffinku. Wataƙila a gidanku yarinyar ba Kumbo ba ce, saniyar ma ba Wule ba. Alamar ita ce saniya mai durƙusawa a gindin dutse, da muryar da ta ce, "Ku su wane ne?" Wanda ya san amsar ya aiko ta hannun edita, ko in ya shigo Dutse ya nemi mai jarida na gindin dalbejiya. Ina roƙo kada wani ya ƙago don tausayi, za ta gane, ni na gwada. Adda ta fara barin abinci a kwano, gero kuma ya fara nuna a gonaki. Da an girbe kara ya ƙare, lokacin da Dada ta halatta faɗar ƙarshen ya zo. Don Allah, wanda ya sani ya hanzarta.